Wanda Ke Shiga Jirgin da Ya Gyara

Garejina yana gefen Bulumkutu, nan Maiduguri, ba nisa da filin jirgi. Shekara goma sha tara ke nan ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a wannan wuri, kuma duk wanda ya daɗe a kanikanci ya san da kunne ake fara gyara kafin hannu ya taɓa sifana. Mota na shigowa, tun direba bai kashe ta ba, na san ko filogi ne, ko bel ne ya saki, ko kuwa ƙarfen ciki ne ya fara cin ɗan'uwansa. Wannan kunnen ne ya sa nake gane jiragen soja ba sai na ɗaga kai ba. Jet wucewa yake kamar an yage sabon yadi, kafin ka duba ya ɓace. Mai saukar ungulu ba haka yake ba. Tun daga nesa za ka ji farfelarsa tana dukan iska, dif-dif-dif, har kwanon rumfata ya ɗauki rawa, ruwan da ke cikin duro ya riƙa karkarwa.

Mu da muka zauna a wannan unguwa, ƙarar nan ba ta dame mu ba. Asubahin 2 ga Disamba 2013, da 'yan Boko Haram suka afka wa sansanin sojin sama, a kwance muke a tsakar ɗaki ni da iyalina, na rufe bakin ƙaramar 'yata da tafin hannu don kada a ji kukanta. Gari ya waye aka kafa dokar hana fita dare da rana. Tun daga wannan rana, in dare ya raba muka ji jirgi ya tashi, sai uwargida ta juya a kan shimfiɗa ta ce Allah ya dawo da su lafiya, ta koma barci. Ba ta san fuskar ko ɗayansu ba.

Ni kuwa na san ɗaya.

A 2017 wani soja ya fara kawo mini wata tsohuwar Golf da ke yawan zafi. Sajan ne, mai igiya uku, siriri, ba mai yawan magana ba. Sauran masu mota benci suke samu su zauna suna danna waya, shi kuwa naɗe hannun riga yake yi ya sunkuya tare da ni. Daga yadda ya riƙe filaya na san ɗan sana'a ne. Da na tambaye shi ya ce eh, makaniki ne, amma na jirgi mai saukar ungulu.

Wata rana ya ga na gama ɗaure lagireto na watsa kayan aiki cikin akwati yadda na saba. Ya ce, "Maigida, sifanunka nawa ne?" Na ce ban taɓa ƙirgawa ba, in ɗaya ta ɓace dai nakan sani ranar da na neme ta. Sai ya ba ni labarin rumfar gyaransu. Kowane ƙarfe yana da gurbinsa da aka zana daidai siffarsa, ana ƙirga su kafin a fara aiki, a sake ƙirgawa bayan an gama, in kuwa ko ƙaramar sukundireba ce ba a gani ba, jirgin nan ba zai motsa ba sai an gano ta. Ya laluba aljihu ya ciro wata 'yar siririyar waya fara. Ya nuna mini yadda manyan notuna na jirgi ke da ɗan rami a kai, a zura wayar a ciki, a murɗa ta kamar kitso, a kafe ta a wani wuri ta yadda duk jan da za ta yi wajen ɗaurewa take ja, ba wajen kwancewa ba, saboda girgizar jirgi tana kwance abin da ƙarfin hannu ya ɗaure. Yatsunsa duk sun yi kanta, da 'yan tabo ƙanana inda bakin wayar ya sha sokinsa. In ya gama, in ji shi, sai ya sa hannu a takarda da sunansa, cewa wannan jirgi lafiyarsa lau.

Yana maida wayar aljihu ya faɗi maganar da har yau ba ta bar ni ba. "Kai, Maigida, in ka gama gyara mai mota ke shiga ya tafi, kai ka wanke hannu ka nemi abinci. Ni in na gama shiga nake yi mu tashi tare."

Ƙarshen 2018 lokaci ne mai nauyi a Borno. A watan Nuwamba aka yi wa sojoji mummunar ɓarna a Metele. Ana cikin wannan jimami, ƙarshen Disamba Baga ta faɗa hannun mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, muka ga mutane suna kwararowa cikin gari a bayan akori-kura, tabarma da tukwane a ka, yara duk sun yi furu-furu da ƙura. Sanyi ya sauko, hazo ya rufe gari har rana kan fito kamar faifai. Jirage ba su huta ba a waɗannan makonni, safe da yamma da tsakar dare.

Damasak na santa ne ta hanyar direbobi. Hedikwatar ƙaramar hukumar Mobbar ce, can arewa, in ka bi ta Magumeri da Gubio da Kareto, a bakin kogin Komadugu Yobe, wanda in ka haye shi ka shiga yankin Diffa a Nijar. Lokacin zaman lafiya motocin da nake gyarawa daga can suke ɗauko tattasai da barkono, har warin ya kama kujerunsu, ina kwance ƙarƙashin mota ina atishawa. Boko Haram ta kama garin a Nuwamba 2014, sojojin Chadi da Nijar suka ƙwato shi a Maris 2015, amma kafin nan an tafi da ɗaruruwan mata da yara, da yawansu 'yan makarantar firamare ta Zanna Mobarti. Mutanen da suka koma bayan haka sun koma ne suna dogaro da Allah, suna kuma dogaro da sojojin Bataliya ta 145 da aka girke a can.

Ranar Laraba 2 ga Janairu 2019 aka kai wa wannan bataliya hari. Aka tura jirgi mai saukar ungulu ƙirar Mi-35M ya kai musu ɗauki. Wajen ƙarfe takwas saura kwata na dare ya faɗi. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya fita.

Washegari a teburin mai shayi na ji. Rediyo na rataye a jikin ƙusa, kowa ya dunƙule cikin bargo, kofi a hannu, sai aka ce kakakin rundunar sojin sama, Ibikunle Daramola, ya tabbatar an rasa jirgi a Damasak. Na ajiye burodin. Na kira lambar Sajan, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na tafi gareji na buɗe amma ban iya kama komai ba, yarana suna ta kallona. Can da rana aka fitar da sunaye, wani yarona ya miƙo mini waya. Idona bai tsaya kan matuƙan ba, kai tsaye ya sauka kan layi na uku, inda aka rubuta Sajan, makanikin jirgi. Gabana ya yanke ya faɗi. Na karanta sunan: Auwal Ibrahim. Ba nawa ba ne.

Na ce alhamdulillahi da ƙarfi. Ban rufe baki ba kunya ta kama ni. Hamdalar da na yi, a wani gida salati ake yi da kuka kan wannan sunan da na tsallake. Shi ma Sajan ne, shi ma igiya uku, shi ma tabbas ya murɗa irin wannan waya da yatsunsa, ya sa hannu a takarda, ya shiga abin da ya gyara. Na koma kan wayar na karanta sunayen duka biyar a hankali, na sa yaron ya kwafe mini su a bayan littafin da nake rubuta bashi. Har yau suna nan.

Filait Laftanar Pereowei Jacob, shi ne matuƙin da jirgin ke hannunsa. Bai cika wata guda da angwancewa ba. Filait Laftanar Kaltho Paul Kilyofas, mataimakinsa. Sajan Auwal Ibrahim, makaniki. Las Kofur Adamu Nura, mai igiya ɗaya, maharbi. Sai Meshack Ishmael, shi ma maharbi, wanda ko igiya ɗaya bai kai ga ɗaurawa ba, ma'ana yaro ne sabon shiga. Ka ji sunayen kawai ka san masallaci da coci ne suka haɗu a cikin jirgi ɗaya. Pereowei sunan Ijaw ne, mutanen ruwa, can bakin teku inda ba a san hazo irin namu ba. Ya baro can, ya baro amarya da lallenta bai gama gogewa ba, ya zo ya mutu a bakin iyakar Nijar saboda sojojin da ke ƙasa da mutanen wani gari da ba ya jin yarensu. Duk wanda zai zauna a majalisa yana raba ƙasar nan da baki, kudu can arewa nan, ina so ya fara karanta wannan jerin tukuna.

Mutane da yawa sun ɗauka wanda ke sama ya fi wanda ke ƙasa tsira. A irin wannan aiki ba haka ba ne. Sojan ƙasa in ya kira jirgi, ba kiransa yake yi ya tsaya can ƙololuwa yana kallo ba. So yake ya sauko ƙasa-ƙasa, har ya iya bambance ramin namu da motar maƙiyi, wani lokaci tazarar da ke tsakani ba ta wuce filin ƙwallo ba. A wannan tsayin kuwa, manyan bindigogin da ake kafawa a bayan Hilux suna kai wa. Ga dare, ga ƙura. Jirgin ƙirar Rasha ne, inji biyu, na farkon irinsa sun shiga aikin rundunar ne a 2017, sababbi ne ke nan. Matuƙan biyu ba kafaɗa da kafaɗa suke zama kamar direba da yaron mota ba, ɗaya yana gaba, ɗaya a bayansa a ɗan sama, kowa cikin ƙoƙon gilashinsa, muryar juna kawai suke ji a kunne. Sauran suna baya. Maharbi idonsa a ƙasa, makaniki kuwa kunnensa da hankalinsa suna kan inji, yana sauraren abin da ni ma nake saurare a gareji, sai dai shi ba shi da gefen titin da zai ce a faka.

Ranar Talata 8 ga Janairu aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Na kalla a talabijin ɗin wani shago: akwatuna biyar lulluɓe da tuta, begila, harbin ban-kwana, mata cikin baƙaƙen kaya ana riƙe da su. Babban hafsan sojin sama na lokacin, Sadique Abubakar, wanda shi ma matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne, yana wurin. Daga nan shi ke nan. Zaɓe na tafe a Fabrairu, gangar siyasa ta danne komai, kafin sati biyu ko a teburin shayi ba a ƙara tayar da zancen ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke ba da irin wannan labari. Cewa muke yi jirgi ya faɗi, sai ka ce ƙarfe muka yi asara. In kuwa akwai babban mutum a ciki, to matuƙa sun shiga cikin "da sauransu". Tambayi kowa a Kaduna abin da ya faru ranar 15 ga Disamba 2012, zai ce maka ranar da Gwamna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi suka rasu a Bayelsa. Gaskiya ne, kuma rashi ne babba. Amma jirgin sojin ruwan nan da ya faɗi a dajin Okoroba mutum shida ya ɗauka, kuma biyu daga ciki su ne ke riƙe da shi: Kwamanda Murtala Mohammed Daba da Laftanar Adeyemi Sowole. Mutum nawa ne ya riƙe sunansu? Haka aka yi a Ghana ranar 6 ga Agusta 2025, da jirgin soja ya faɗi a hanyar Obuasi da mutum takwas. Kowa ya ji sunan ministocin biyu, Edward Omane Boamah da Ibrahim Murtala Muhammed. Na bi labarin har ƙasa don in ga ko akwai Sajan, kuma akwai: Ernest Addo Mensah, tare da matuƙa Peter Bafemi Anala da Manin Twum-Ampadu.

Wanda ya fi tsaya mini bayan Damasak shi ne na jihar Neja. A Agusta 2023 'yan bindiga suka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin Zungeru, suka kashe hafsoshi uku da sojoji ashirin da biyu, bakwai suka ji rauni. Ranar Litinin 14 ga wata aka tura jirgi ƙirar Mi-171 ya kwaso su. Ya sauka a filin makarantar firamare ta Zungeru, aka ɗora masa gawa goma sha huɗu da masu rauni bakwai, ya tashi ya nufi Kaduna, ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro. Matuƙa biyu da ma'aikatan jirgi biyu suka tafi tare da waɗanda suka je ɗaukowa. Hedikwatar tsaro ta ce jimilla rai talatin da shida. Na daɗe ina tunanin masu raunin nan bakwai. Sun kwana cikin jini, sun ji irin ƙarar da nake ji daga garejina tana matsowa, sun ce an zo, mun tsira. Na kuma yi tunanin huɗun da suka zo. Ba yaƙi aka tura su ba, gawa da majinyata aka ce su ɗauko, aikin da a unguwa ma mun san girman ladarsa. Wanda ya taɓa ɗaukar makara ya san nauyin mutum ɗaya a kafaɗa. Su goma sha huɗu suka jera a bayansu, suka rufe ƙofa.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a ido. Wani dattijo da muke shan shayi tare ya ji ina wannan zance ya ce, "Ɗana, ka manta Rann?" Ban manta ba, Baba, na ce masa. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi na rundunar sojin sama ya jefa bam a kan 'yan gudun hijira a Rann, mutane masu yawa suka mutu, har da ma'aikatan agaji na Red Cross, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Ban manta Tudun Biri ba, inda jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Disamba 2023. Waɗannan ba a lulluɓe su da tuta ba, ba a busa musu begila ba, kuma haƙƙinsu yana nan a wuyan waɗanda ya rataya a kansu har gaban Allah. Dattijon yana da gaskiya, ban yi masa gardama ba. Amma zuciyata ba ta ƙi ɗaukar duka biyun ba. Na yi kukan Rann, na kuma yi kukan yaron da ko igiya bai ɗaura ba, wanda ya mutu a sama da Damasak don kada a sake kwashe 'ya'yan mutane daga aji.

Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, manya su maƙala ɗan baji a ƙirji. Ban raina ba. Sai dai mun sha jin matan sojoji a rediyo suna kukan haƙƙin mazajensu ya daɗe bai fito ba, ga yara ga kuɗin makaranta ga barin gidan bariki. Wanda ya sa hannu da sunansa cewa jirgi lafiyarsa lau, ya kamata takardar matarsa ta samu wanda zai sa mata hannu da irin wannan kulawa, ba ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur ba.

Sajan nawa ya zo kwana goma sha ɗaya bayan faɗuwar jirgin Damasak. Golf ɗin ba abin da ya same ta, ya ce in duba masa bakin mai ne kawai. Ya rame, idonsa ya yi ja irin na wanda bai samu barci ba. Na goge hannuna a tsumma na miƙa masa na ce, "Sajan, ya haƙuri? Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu dangana." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki, Maigida. Na gode." Bai ƙara ko kalma a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Muka zauna a benci, karo na farko da na ga ya zauna, na aiki yaro ya sayo mana rake, muna sha muna kallon titi. Da zai tafi na ƙi karɓar kuɗinsa. Ya ce gobe da asuba suna da tashi.

A ƙarshen wannan shekara aka yi masa canjin wurin aiki, ya sayar da motar, muka yi sallama a bakin gareji. Ya bar mini ƙullin farar wayar nan. Bayan tafiyarsa na samo allon katako na kafa a bango, na jera sifanu da filaya da sukundirebobi, na bi gefen kowanne da jan fenti. Sifanuna ashirin da uku ne. Kowace yamma kafin a rufe, ƙaramin yarona ne ke ƙirgawa da ƙarfi ina ji. Shekaranjiya lamba goma sha biyu ba ta gurbinta, ga magariba ta gabato, yaran suna so su tafi. Na ce ba mai fita. Muka kunna tocila muka bi motocin ɗaya bayan ɗaya, muka same ta kwance a gefen batirin wata tasi da za ta ɗauki fasinja zuwa Damaturu da safe.